Rariyar Deolinda

A Coimbra, hawa na biyu na tsohon ginin likitoci,
ni ke goge gilasai kowace Talata.
Tsumma, ruwan khal, da tsani mai ɗingishi.

A akwati na bakwai take:
ƙoƙon kai, haƙarƙari shida, rabin ƙugu,
da 'yar takarda mai koɗaɗɗiyar tawada.
Deolinda Seixas, mai wanki, shekara arba'in da ɗaya.
Ƙarni guda ke nan da 'yan kai tana nan zaune,
ba haya, ba baƙo.

In rana ta faɗo ta tagar yamma
sai ta ratsa kanta kamar rariya,
haske ya zubo ɗis-ɗis a kan katako.
Na taɓa ƙirga ramukan. Ashirin da uku.
Na sake ƙirgawa, na samu ƙari, na bari.

Farfesa Albano kan zo da ɗalibai,
ya nuna da gindin alƙalami:
daga nono ya faro, ya bi jini,
ya sami ƙashi ya yi masa cin gara.
Nan kuma, inda ya yi tudu,
ƙashin ne ya yi ta yaɓe yana toshe ɓaraka
har ƙarfinsa ya ƙare.
Su rubuta. Su ɗauki hoto. Su tafi cin abinci.

Ba wanda ya tambaya
yadda ta hau matakalan garin nan daga bakin Mondego
da kwandon jiƙaƙƙun zannuwan gado a kan wannan kai,
ko wa ta ce wa bayanta na ciwo,
aka ce mata sanyin kogi ne, ta shafa man zaitun.

Watan jiya na raka yayata Graciete asibiti.
Likita ya juyo mana da hoton ƙugunta,
yana laluben kalma mai taushi.
Ban jira shi ba.
Shekara tara ina goge wannan amsa.

Ita an ba ta allura, an ba ta rana ta koma,
ta ce in sayo mata gasasshen kifi a hanya.

Yau Talata.
Na huro numfashi a gilashin, na murza,
na ce: Deolinda, an ce yanzu akan ja lokaci.
Hasken ya gangaro ta ramukanta,
ya sauka a bayan hannuna
inda sabulu ya tsattsaga.