Laimar da Ba Ta Buɗe Ba

Kakana Jatau tela ne a Ƙofar Doka.
Ƙafarsa ba ta gajiya bisa keke,
sai in ƙaramin jirgin 'yan koyo ya taso daga Palladan,
ya ratsa ta kan Kufena yana tari.
Nan ƙafa kan tsaya, allura ta kafe cikin yadi,
ya ɗaga kai yana motsa leɓe
har ƙarar ta nutse wajen Galma.

Ba ya cin shinkafa. Ko ran Salla.
Mun ɗauka gyambon ciki ne.

Ran da na tono wani ƙyalle a gindin akwatinsa,
mai santsi kamar bayan tarwaɗa, da guntayen igiya a baki,
sai ya ce: Talatu, ja ƙofar nan ki zauna.

Rana ɗaya aka aske mu a Daffo,
ni da Cindo na Anguwar Juma,
mai wushirya, mai dariya kafin a gama zance.
Jirgin ƙasa ya sauke mu Ikko.
Daga nan sai ruwa.
Mu da iyakar ruwanmu Kubanni,
wadda akuya ke tsallakewa da rani,
ga mu bisa ruwan da ba shi da tsallake.
Da dare ba fitila, ba taba,
jirgi na tafiyar maciji
don wai akwai abin da ke farautarsa ta ƙasa.
Kowace asuba Cindo sai ya tambayi gabas,
kowace asuba gabas ta sauya wuri.

Bama kuwa, daji ne da ba ya son rana.
Gora, laka, matsattsaku cikin takalmi,
akwatin harsashi bisa gammo,
tudu ya ƙare, wani tudu ya ce ga ni.
Ba hanya, ba kasuwa.
Tuwonmu daga sama yake zuwa:
mu tada hayaƙi, mu ja gefe,
jirage su sunkuyo su amayo buhuna,
laimomi su buɗe fari fat
kamar gonar auduga ta tashi sama.

A ƙarshe-ƙarshe ne, fa.
Japanawa na ja da baya zuwa bakin teku,
jiragen ruwa na aiko tsawa daga yamma,
na sama na yayyafin wuta,
mu a tsakiya, gero tsakanin dutse da ɗansa.
Saje ya ce saura ƙiris.
Cindo har ya fara lissafin rumfar da zai kafa a Tudun Wada.

Wata Alhamis, kwana uku ba mu ɗora tukunya ba.
Jirgi ya zo. Cindo ya ruga fili yana daga hannu,
yana cewa wannan tawa ce.
Laimar ba ta buɗe ba.

Ba harsashi, Talatu. Ba takobin kowa.
Buhun shinkafa.

Muka rufe shi ƙarƙashin gora.
Sannan muka durƙusa muka tsince ta ɗaya-ɗaya,
muka wanke a rafi har ruwa ya daina ja,
muka dafa.
Na ci. Yunwa ba ta san kunya ba.

Da na dawo, na je Anguwar Juma da ƙyallen a hammata.
Iya Tabawa na kaɗi a zaure, ba ta aje mazari ba.
Ta ce: wa ya kashe shi?
Na ce: daga sama ne, Iya.
Ta ce: to, ai kome daga sama ne.
Ta sa aka kawo mini ruwa.
Na sha, na tashi, ƙyallen bai fito ba.

Nan ya yi shiru. Ya nemi bakin zare, ya lasa,
ya kasa samun kafar allura.

Yau keken na ɗakina, ƙyallen na ƙasan akwati.
'Yan koyo ba su daina zagaya Zariya ba.
Ina dafa shinkafa, yara suna so.
Amma in ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa,
ban iya sa tsintsiya.
Sai na durƙusa.