Awon Gona a Kalfu

Na kafa ƙafa uku a tsandaurin Kalfu,
dutsen Adar ya ƙi karɓar ta ukun
sai da Nomau ya taka ta da dukan nauyinsa.

Kumfar mizani ta yi ta yawo
kamar akuyar da ba ta son turke,
har na lallashe ta ta kwanta tsakiyar zobe.
Tsayin faranti, mita ɗaya da saba'in da biyu,
na rubuta a tafin hannu, na bar littafi a mota.

Sai jira.
Tauraro huɗu. Shida. Tara.
Rana tsaka, allo kaɗai ke ganinsu.

Tsoho Arzika ya matso da sandarsa:
"Yaro, waɗanda kake tambaya can sama,
sun san gawon da kakana ke ɗaure jaki?
Nan iyakar take. An sare shi shekarar fara."

Fitila ta koma kore,
lambobi suka tsaya cik.
Na ce a buga ƙarfe.

Shi ko ya yi taku uku gabas,
ya tona da diddige,
ga baƙin kututture.

Na ɗauki sandar awo, na bi shi.