Ɗigo Uku a Kan Tebur

A makarantar ƙauyenmu, gefen kogin Nistru,
Malama Eudochia ta zuba ɗigo uku
a kan teburin da wuƙaƙen yara suka sassaƙe:
asiton, sifirit, ruwan rijiya.
Ta ce, "Ku zuba ido. Kada wanda ya hura."

Anatol bai gama gyara zama ba,
asiton ya yi layar zana.
"Ƙwayoyinsa riƙon sakainar kashi suke wa juna,"
in ji ta. "Gaisuwar kasuwa ce.
Iska kaɗan, kowa ya kama gabansa."

Sifirit ya ɗan yi jim,
kamar baƙon da ya miƙe ya tsaya a bakin ƙofa
da hannu ɗaya cikin hannun mai gida.
Can shi ma ya wuce.

Ruwa kuwa ya kafe, ya ƙi ƙafewa.
"Wannan dangi ne," ta ce.
"Ƙwaya guda tana iya riƙe huɗu
da igiyar haidurojin, siririya,
ta tsinke nan, ta ƙullu can.
Asiton a digiri hamsin da shida yake tafasa,
sifirit ya jure har saba'in da takwas,
ruwa sai wuta ta kai shi ɗari
kafin ya yarda a raba shi da 'yan'uwansa."

Sai ta shafa mini sifirit a bayan hannu.
Sanyi ya ratsa ni.
"Masu zafin nama ke fara tashi,
su kwashe ɗumin su tafi da shi.
Na baya ke shan sanyi."
Ta faɗi haka tana kallon taga.

Mu bakwai ne a ajin,
kujeru ashirin da huɗu.
Uban Anatol na kwaɓa siminti a Padova,
uwata na jinyar tsohuwar wasu a Lisbon,
ba wanda ya tafasa ƙauyen,
ɗaya ɗaya aka tashi daga sama-sama.

Yanzu ni ma gilashin bene nake gogewa a Turin,
ina kallon danshi yana janyewa daga gefe.
Da dare in na buɗe tukunya,
nakan daɗe riƙe da murfin:
tururin da ya gudu ya taru a ƙarƙashinsa,
ɗigo na laluben ɗigo,
su yi nauyi,
su gangara.

An ce ta rufe ajin bara.
Yara biyu suka rage.