Teburin Dubu Biyu

Shekara sha tara ina ƙirga kuɗin mutane
a bayan gilashin banki a Garki.
Da suka sallame ni, lissafin bai sallame ni ba.

Yanzu da dare nake yawo.
Teburin Maitama a bar wa masu shi,
inda hannu ɗaya ke cinye kuɗin hayata.
Ni ƙarami nake nema, na dubu biyu,
mai haƙuri da talaka.

A Wuse na tarar da inji yana gauraya karta
kamar mai dama kunu.
Me za ka ƙirga a cikin kunu?
Na sha ruwa, na fita.

A Utako, can ƙuryar wani otal,
Kyauta ke rabo.
Tana zurfafa yanka, ba ta gaggawa,
sai karta ta kusa ƙarewa take sake zubi.
Ƙanana suka yi ta fita,
na ƙara ɗaya, na ƙara ɗaya,
leɓena a ɗinke.
Lissafi ya kai tara.
Manyan na ciki, suna jira.
Na tura dubu goma.

As da sarki. Ashirin da ɗaya.

Sai hannu a kafaɗata, mai ƙamshin turare:
"Malam Mamuda, ƙoƙarinka ya yi yawa."

Na fito da ribar da ba ta wuce kuɗin mai ba.
A hanyar Kubwa na kama kaina
ina ƙirga fitilun titi,
matattun ina cirewa.