Matakala Tara a Tsohon Siton Goro

Shekara talatin ina haƙa kabari a Tafo,
ban taɓa biyan kuɗi don in shiga rami ba
sai yau, sidi ashirin a bakin ƙofa,
ramin kuma 'yata ce ta gina shi.

Sahura ta ce, Baba sunkuya, akwai katako.
Tsohon siton goro ne a Aboabo,
bangon bai daina ƙanshin huhu ba.
Matakala tara, ta ce, haka mutanen Maya suka ƙirga
tsakanin tafin ƙafa da gidan matattu.
Na ce su waye? Ta ce mutanen masara,
can ƙetaren teku, inda rana ke kwana.

Kogin jini ta zuba da manja.
Kunamu ta ƙera da sarƙar babur
da ta tsinto a Suwame, wajen makanikai.
A ɗakin wuƙaƙe adduna na reto a zare,
suna gaida juna in mutum ya gifta.
Jemagu kuwa karyayyun lemomi ne,
sun fi na Kejetiya ladabi, ba sa kashi a ka.
Wani bature na rubutu a ɗan littafi.
Wata Asante ta cire takalmi ba a ce ta cire ba.

A ƙasan ƙasa, saiwar rimi.
Nan na tsaya.
Ashe su ma sun san rimi ba itace ba ne kawai.
Ƙarƙashinta kan mutum na yumɓu,
an sa masa ƙwayar masara a baki, guzuri.
Goshin na uwarta ne.
Ni na haƙa wancan, da hannun nan, ranar wata Laraba,
Sahura na goye a bayan maƙwabciya.

Sai aka ɗauke wuta.

Bature ya kira sunan Ubangijinsa,
adduna suka ci gaba da gaisuwa.
Na ce kowa ya dafa kafaɗar na gabansa,
duhun rami ba baƙona ba ne.
Takwas, bakwai, shida,
ina ƙirga musu kamar carbi,
hannun 'yata a gefen rigata
kamar lokacin da ba ta kai ƙuguna ba.

A waje mai gasa masara na fifita gawayi.
Na sayi biyu.
Ba mu ce komai ba har muka cinye.