Barikin Kuza

Daga Bukur ka bar kwalta, ka yi hagu,
inda kyarana ta yi wa gonaki shinge,
duwatsu sun goyi juna ba zani.
Can ne garinmu. Taswira ta manta da shi.

Kakana Barau ya tako daga Gumel,
kuɗin haraji kawai ya zo nema.
Aka ba shi kwano da shebur da lamba.
Ya ce damina ɗaya.
Ya yi arba'in da biyu.

Chollom ne ya nuna masa gonar accar ubansa
kafin inji ya haɗiye ta.
Su biyu suka kwashe ƙasar a ka,
kwano bayan kwano,
har tudu ya koma rami, rami ya haifi tudu.

Kuza ta hau jirgi ta nufi teku,
ba ta aiko ko gaisuwa ba.

Yanzu ramin ya cika da ruwa kore shar,
ba wanda ya san gindinsa.
Ya ci shanu uku, ya ci ɗan Talatu mai wanki,
kuma shi ke shayar da dankalinmu da rani.

Ofishin awo ya zama makwancin awaki.
Sikelin na nan, tsatsa ta riƙe allurarsa.

Jiya 'yata ta dumtso baƙin yashi a gaɓa,
ta ce, Baba, me ya sa ya fi sauran nauyi?
Na karɓa, na jinjina shi a tafina,
na ce ta wanke hannu, tuwo zai huce.