Kafin Gas Ya Ƙare

Na sauka daga tirotiro a bakin kasuwar Nima
ƙarfe bakwai da 'yan kai,
ƙafata ta yi tsami, gyalena yana ƙamshin girkin gidan wasu.
A jakata akwai rabin ledar kuskus,
irin mai manyan ƙwayoyin nan.
Madam Nuhad ce ta ce in tafi da shi, wa'adinsa ya kusa.
Sai tumatir 'yan mitsi-mitsi, sha bakwai,
na ƙirga su tun a Labone,
na sake ƙirgawa da cunkoso ya tsare mu.

Mma Azumi tana kan tabarma, rediyo a cinya.
Tun kokon safe ba ta sa komai a baki ba,
wai shinkafa da waken Fusaina tsakuwa ce zalla.
Na jijjiga tukunyar gas,
ta amsa da ƙyar, kamar wanda ake bi bashi.
Albashi kuwa sai Juma'a.

Mai, cokali biyu.
Albasa rabi, ragowar jiya.
Tafarnuwa na danne ta da gindin kofi.
Na zuba ƙwayoyin a bushe don su fara shan wuta,
suna tsalle, suna ƙara
kamar yayyafi a kan kwanon ɗakinmu,
har suka ɗauki launin bayan ƙosai.

"Mene ne wannan?"
"Kuskus, Mma."
"Ƙarya ne, na san kuskus.
Wannan wasa-wasa ce da ta je makaranta."
Ta ɗauki tumatir guda, ta kai shi kusa da idon da ke gani.
"Su kuma waɗannan, ko yaye su ba a yi ba."

Ban yanka su ba.
Na watsa su ciki da ransu,
na bi da ruwan zafin fulas don in rage wa wuta aiki,
gishiri, dunƙule ɗaya, attaruhu don kada Mma ta kai ni ƙara.
Na rufe.
Can na fara jin su, fas, shiru, fas,
kowa da lokacin da zai faɗi abin da ke cikinsa.

A gidan Madam wani ganye ake sawa, daga kanti, cikin roba.
Ni na miƙa hannu ta taga
na tsinko ɗoɗɗoya daga gwangwanin madara.
Danginsu ɗaya, kuɗin mota ne ya raba su.

A minti na sha ɗaya wutar ta yi shuɗi, ta yi ja,
ta tafi ba sallama.
Na kai hannu ga murfi.
"Bar shi," in ji Mma. "Kawo tsohon zanena."
Ta naɗe tukunyar kamar mai jego.
"Abinci ma yana son a rufa masa asiri."
Muka zauna. Masallacin Malam Inusa ya kira isha'i,
yaran maƙwabta suna gardamar ƙwallo a bakin kwata.

Da na buɗe, sun kumbura, sun yi sheƙi,
jan ruwan ya shiga ko'ina.
Na matsa lemun tsami.

Madam da cokali mai yatsu take ci.
Mma ta sa hannu, suna zille mata.
Ta kama ƙwaya ɗaya, tana murzawa tsakanin yatsu,
ta daɗe tana murzawa.
Daidai girman murjaninta ne,
wanda ya bar gidan nan shekarar da na yi jarrabawa.
Ba ta ce ba. Ni ma ban ce ba.

Ta jefa a baki.
"Gishiri bai ji ba. Miƙo shito."

Tumatir sha ɗaya ta ci, ina lissafi.
Ta suɗe kwanon, ta gyara tashar rediyo,
sannan, ba tare da ta dube ni ba:
"Madam ɗin nan taki,
me kuma ya kusa lalacewa a gidanta?"